Kodinetan fim, mutumin da ke riga kowa ganin gobe

A shekarar 2018 Joel Kachi Benson, mai shirya fina-finan gaskiya daga Legas, ya fitar da wani gajeren fim mai suna In Bakassi, wanda ya ɗauka a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke kan hanyar Damboa a Maiduguri. Irin fim ɗin nan ne da ake kallo da tabarau na musamman, duk inda mutum ya juya kai sai ya ga kamar a tsakiyar sansanin yake tsaye. Da shekara ta zagayo ya yi Daughters of Chibok, wanda ya ci kyauta a bikin fina-finai na birnin Venis a Italiya a 2019. Sunan darakta ne ya zaga duniya, kuma ya cancanta. Sai dai duk wanda ya san yadda ake shigar da kyamara sansani a Maiduguri a waɗancan shekaru ya san abin da ke gaba da ɗaukar hoton farko: wasiƙa zuwa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha (SEMA), jami'an tsaron bakin ƙofa, dattawan da ke shugabantar mutanen kowace ƙaramar hukuma a cikin sansanin, tafintan da ke jin Kanuri, direban da ya san gari, wurin cajin batura, masaukin baƙi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke faɗowa daga sama. Wani ne ke bin su ɗaya bayan ɗaya har su kammalu.

A masana'antun fim da suka kafu, wannan mutumin shi ne kodinetan shiri. Furodusa ke nemo kuɗi, fim nasa ne. Manajan shiri ke riƙe da kasafi, shi ke cewa wannan za a iya, wancan ya fi ƙarfin aljihu. Mataimakin darakta shi ne mai fili, da agogo a hannu yake kora kowa. Kodineta kuwa shi ne ofis ɗin gaba ɗaya: takardu, wayoyi, motoci, ɗakunan kwana, izini, duk ta hannunsa suke bi. A Kannywood, balle a ƙananan kamfanonin Maiduguri, da wuya ka tarar da mutum huɗu a kan kujerun nan huɗu. Yawanci mutum ɗaya ne ke ɗauke da uku, ana ce masa furodakshan manaja, ko kuma ba a ce masa komai sai sunansa, wanda ake ƙwala wa kira daga kowace kusurwa tun safe har dare. Uwar biki ke nan: ba ta cikin hoton amarya, amma ita ta san tukunya nawa aka ɗora, wace mota za ta ɗauko dangin ango, da kuma gwaggon da aka manta ba a kai wa goron gayyata ba.

Aikin da karatu yake farawa. A ce marubuci ya rubuta layi ɗaya: dare, gidan su amarya, ana wushe-wushe, ango ya shigo da abokansa. Darakta ya karanta ya hango hoto. Jarumi ya karanta ya hango kansa cikin babbar riga da hula zanna. Kodineta ya karanta sai ya jawo biro. Wushe-wushe dare ne na bikin Kanuri da ake taruwa ana kiɗa ana yi wa ango da jama'arsa maraba, don haka ana bukatar gida mai faffaɗar tsakar gida, da mai gidan da zai yarda a kwana ana hayaniya a cikinsa. Ana bukatar mata, a ce arba'in, kowace da lafaya, kuma kada lafayar wata ta yi kala ɗaya da ta amarya. Ana bukatar masu ganga da algaita, da dardumai, da kaskon turaren wuta, wanda hayaƙinsa ke ƙawata hoto idan fitila ta haska shi ta baya, amma yana sa jaruma tari a tsakiyar magana idan aka ajiye shi kusa. Tunda dare ne sai fitilu, fitilu sai janareta, janareta kuma sai doguwar waya da za a kai shi bayan katanga, in ba haka ba mai ɗaukar sauti zai cire abin kunnensa ya zauna. Mata arba'in ɗin nan za su ci abinci, za su sha ruwa, za su yi sallah, za su bukaci bayi, kuma idan aka tashi ƙarfe ɗayan dare kowace sai an kai ta ƙofar gidansu.

Sannan ga lalle. A nan ake gane wanda ya iya. Amaryar Barno ba ta fita babu lalle a hannu da ƙafa, zanensa yana cin sa'o'i, don haka tun jajibiri za a yi shi. Amma lalle ba ya wankuwa don darakta ya ce kot. Zai zauna a hannun jarumar kwanaki, jan farcen ma ya fi haka daɗewa. Ke nan duk wata fitowa da a labari ta faru kafin biki, tana budurwa tana zuwa makaranta, tana ɗebo ruwa, tana zance a zaure, dole a gama ɗaukarta kafin mai lalle ta zo. Wanda bai hango wannan ba zai wayi gari da fitowa goma sha biyu da ba za su ɗauku ba, ko kuma a ɗauka a haka, masu kallo a YouTube su cika wurin sharhi da tambayar wa ya yi wa ɗaliba lallen amare. Babu wanda zai tafa wa kodineta don bai bari hakan ta faru ba. Abin da bai faru ba ai ba a ganinsa.

Haka zai bi labarin fitowa bayan fitowa, yana ware 'yan wasa, kayan sawa, kayan aiki, motoci, dabbobi, yara, dare ko rana, ciki ko waje. Ƙa'idar da aka gada ita ce shafi ɗaya na rubutaccen labari yana ba da kusan minti ɗaya a allo, kuma ana raba kowane shafi gida takwas don a auna nauyin aikin yini. Daga nan sai jadawali, wanda shi da mataimakin darakta ke zama a kai. Ba a ɗaukar fim yadda labari ya jeru. Duk abin da ya faru a gida ɗaya a haɗa shi, ko da tsakanin fitowa ta 3 da ta 70 akwai shekara goma a labari. Babban jarumin da zai zo daga Kano kwana uku kacal ya bayar, to a tattara nasa cikin kwana ukun, ko da zai mutu ranar Talata ya yi aure ranar Laraba. A da da siraran kwali masu launi ake jera wannan a kan allo. Yanzu manyan kamfanoni na amfani da manhaja irin Movie Magic, mu kuwa a nan Excel da littafin rubutu mai kauri sun wadatar, matuƙar kan mai riƙe da su a tsare yake.

Abin da ya fi burge ni a sana'ar nan takarda ce guda ɗaya, takardar kira, wadda ake fitarwa kowane dare domin aikin gobe. Shafi ɗaya ce, amma yinin mutum hamsin na cikinta. A samanta akwai kwanan wata da rana ta nawa ce a cikin kwanakin ɗauka. Sai lokacin da kowa zai iso, kuma ba lokaci ɗaya ba ne: masu fitila da kyamara su riga kowa, mai kwalliya ta riga jaruma, jaruma ta riga jarumi saboda nata shirin ya fi tsawo. Sai kwatancen lokeshan, wanda a Maiduguri sunan titi kaɗai ba ya isa, sai an ce bayan masallaci kaza, kusa da mai shayi, gida mai koren ƙyaure. Sai jerin fitowar da za a ɗauka da waɗanda ke cikin kowace. Sai motoci, wa zai ɗauko wa, a ina. Sai asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Asibitin Ƙwararru na jiha, gwargwadon unguwar da ake. Sai lokutan sallah da na cin abinci. Sai fitowar rana da faɗuwarta, kuma a nan baƙo kan sha mamaki. Maiduguri na can gabas, rana na riga faɗuwa a nan da kusan minti 20 kafin Kano, da kusan minti 40 kafin Legas. Mai kyamarar da ya saba da hasken la'asar ɗin Kano, ya yi lissafin yana da sauran lokaci, sai ya ji ladan ya kira magariba, haske ya tafi, fitowa ta rage rabi. Layi ɗaya a takardar kira ke hana wannan.

Ta WhatsApp ake tura ta yanzu, amma gogaggen kodineta ba ya yarda da alamar an karanta. Sai ya bi mutane da waya. "Hajiya, kin ga takardar? Ƙarfe shida da rabi mota za ta zo, don Allah a taho da shuɗiyar atamfar nan ta shekaranjiya, ci gaban fitowar ce." "Malam, gobe Gwange ne, ba Bulunkutu ba, an canza." Yana gama wannan wajen sha ɗayan dare, shi ne kuma farkon tashi.

Kowane gari da irin jarrabawar da yake yi wa wannan aiki, amma ta Maiduguri ta fita daban. Yawancin manyan kyamarori da fitilu da ƙwararrun ma'aikata daga Kano ko Jos ko Abuja ake ɗauko su. Daga Kano tafiyar kusan kilomita 600 ce, ta Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu, Benisheikh, kuma shekaru da dama kowa ya san hanyar Damaturu zuwa Maiduguri ba ta dare ba ce, ana rufe ta da yamma. Motar kayan da ta yi lattin tashi daga Kano za ta kwana a Damaturu, ranar farko ta ɗauka ta tafi a banza, alhali kuɗin hayar kaya na tafiya. A cikin gari kuma babu acaɓa tun da aka hana hawan babur a 2011, saboda haka ɗan aiken da a Kano zai ɗare babur ya ɗauko batirin da aka manta cikin minti goma, a nan sai ya nemi Keke Napep ya bi cunkoso. A 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a jihar, aka daɗe babu. A watan Janairun 2021 aka fasa turakun wutar da ke kawo lantarki daga Damaturu, gari ya shafe watanni cikin duhu. Wanda ya yi aiki a waɗannan lokuta ya koyi darasin da ba ya mantuwa: lambobin waya a rubuce a takarda, wurin haɗuwa da lokacinsa a faɗe su tun jiya, man janareta a saye shi tun kafin a bukace shi.

Ga zafi. A watannin Afrilu da Mayu ma'auni na haura digiri 40, kyamara kan yi zafi ta kashe kanta, kwalliya ta narke a fuska, mai riƙe da sandar sauti ya fara ganin jiri. Mai hankali sai ya sa aikin waje da sassafe da kuma bayan la'asar, tsakar rana a shige ɗaki, ya tanadi ƙanƙara da rumfa kamar yadda ya tanadi kyamara. Idan azumi ne a sake lissafi gaba ɗaya. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga gilashin kyamara, sama ta yi fari fat, hoton jiya da na yau su ƙi haɗuwa.

Akwai kuma abubuwan da a wani gari wasa ne, a nan ba wasa ba ne. Bindigar roba, kakin soja, mota mai ɗauke da samari da rawani a fuska, ƙarar harbi ta wasa: duk wanda zai fito da ɗayan waɗannan a titin Maiduguri ba tare da sojoji da 'yan sanda da 'yan ƙato da gora na unguwar sun sani a rubuce ba, da rayukan mutane yake wasa. Haka ɗan jirgin nan marar matuƙi da masu fim ke so don hoton sama, ba a tayar da shi a Arewa maso Gabas sai da izinin jami'an tsaro. Fim ɗin The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda ya fito a 2020 da harshen Hausa a kan rayuwar matan da 'yan tayar da ƙayar baya suka sace, a jihar Taraba aka ɗauke shi. Zaɓen inda za a ɗauki labari irin wannan shi kansa hukunci ne da ake yankewa a teburin shiri tun kafin a taɓa kyamara.

Takardar izini ta hukuma rabin aiki ce. Sauran rabin na wurin Bulama, wato mai unguwa. Kodinetan da ya san gari ba ya aika saƙo, da ƙafarsa yake zuwa, ya cire takalmi, ya zauna ƙasa, a gaisa a tsanake, a tambayi iyali da zafi da kasuwa, sannan ya ce, "Baba, alfarma muka zo nema." Ya faɗi ko su waye, me labarin ya ƙunsa, kwana nawa za su yi, ƙarfe nawa za su tashi. Idan al'amarin ya fi ƙarfin Bulama a wuce wurin Lawan, wanda ke gaba da shi. Mutanen Barno sun ga kyamara har sun gaji. Shekara da shekaru baƙi na zuwa su ɗauki hawayensu su tafi, ba su sake jin ɗuriyarsu ba. Abin da ya sa aikin Fati Abubakar ya yi tasiri ke nan, 'yar garin da ta fara ɗora hotunan rayuwar yau da kullum a shafinta na Bits of Borno: 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu kwalliyar sallah, mutane a tsaye da ƙafafunsu. Kodineta ne ke riƙe da takardar amincewa da kowa zai sa wa hannu, kuma na kirki ba ya miƙa wa tsohuwar da ba ta karatun boko takardar Turanci ya ce dangwala. Zai sa a yi mata bayani da Kanuri ko Shuwa ko Babur ko Marghi, a gaya mata inda za a nuna fuskarta, a kuma gaya mata tana da ikon cewa a'a. Idan yaro ne sai da uba ko uwa ko mariƙi. Wannan ba a ganinsa a allo, amma shi ke sa a buɗe wa ayari na gaba ƙofa ko a rufe.

Batun kuɗi gajere ne: kowace naira da rasit ɗinta, inda babu rasit a rubuta a sa hannu. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, masu wannan aiki sun ga tasku, domin mai ƙosai da mai keke da 'yan cika fage kuɗi a hannu suka sani.

Me ya sa sai yanzu ake maganar koyar da wannan aiki? Saboda sana'ar ce ta canza. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, da shekarun kaset da faifan da suka biyo baya, fim aikin abokai ne. A haɗu a shago, a shiga mota ɗaya, a ɗauka cikin 'yan kwanaki, abin da aka manta a aika yaro. Da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in, sannan Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka mamaye talabijin da YouTube, sai aka koma fim mai dogon zango. Shiri mai fita kowane mako, da 'yan wasa da yawa, da gidajen da za a riƙa komawa shekara da shekaru, da ranar da tasha ke jiran kashi na gaba, ba ya yiwuwa da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya da "in sha Allahu za a san yadda za a yi". Hukumomi ma sun ƙara matsa lamba a kan takardu. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 bisa cewa ba a kai mata su ta duba ba kafin a sake su. Ko me mutum zai ce game da hukuncin, kai fim gaban hukuma a kan lokaci layi ne a jadawalin wani.

Wuraren koyo akwai su, ko da yake ba su yi yawa ba. A Jos akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995 ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, da kuma Kwalejin Talabijin ta NTA. A Legas kamfanin MultiChoice ya buɗe makarantarsa ta Talent Factory a 2018, inda ake ɗaukar matasa horon shekara guda. A gida akwai sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Maiduguri, ga gidan rediyo da talabijin na jiha BRTV da NTA Maiduguri inda ɗalibai ke zuwa sanin makamar aiki. Hukumar Fina-finan ma tun Janairun 2024 Ali Nuhu ke shugabantarta, wanda a Maiduguri aka haife shi a 1974, kuma ya shafe shekaru yana shirya fim a kamfaninsa na FKD, ya san ciwon ranar da aka tara mutane aka rasa mota. Matsalar ita ce, ka shiga kowane aji ka tambayi wa ke son zama darakta, hannuwa za su tashi. Wa ke son kyamara, su tashi. Wa ke son ya riƙe jadawali da rasit, sai kowa ya dubi ɗan'uwansa. A ganina wannan kuskuren lissafi ne, domin daraktoci sun yi yawa, wanda zai riƙe musu shiri ne ake nema ruwa a jallo, kuma daga wannan kujerar ce ake zama furodusan da ya san inda kuɗinsa ke tafiya.

Aji na koyar da rabin da ke kan takarda: yadda ake fasa labari, tsara jadawali, rubuta takardar kira, yarjejeniyar ɗan wasa da ta mai gida, lissafin kuɗi, taimakon gaggawa. Ɗaya rabin a gindin wani ake samunsa. Kusan duk wanda ya ƙware a ɗan aike ya fara, yana ɗauko ruwa, yana tare mutane kada su ratsa gaban kyamara, yana roƙon mai injin niƙa ya kashe na minti biyar. A nan yake gane cewa roƙon mai niƙa ma fasaha ce, kuma gara a je masa tun jiya da ɗan abin hasafi da a je masa yau da tsawa. Daga nan a ba shi motoci ya riƙe, sai abinci, sai masauki. Maigida nagari yakan miƙa wa yaronsa jadawalin gobe ya ce, "To, jaruma ta bugo waya ba ta da lafiya. Me za mu ɗauka?" Yaron da ya tsaya yana salati bai isa ba tukuna. Wanda ya buɗe littafi ya ce akwai fitowa huɗu a gida ɗaya da babu ita a ciki, 'yan wasan duk suna gari, kayan sawarsu na mota, wannan ya kama hanya.

Akwai wata taska a Maiduguri da masu fim ba su waiwaya ba sosai. Fiye da shekara goma garin na cike da ƙungiyoyin agaji na gida da na waje, kuma sun horar da ɗimbin samari da 'yan mata a kan tsara tafiye-tafiye, neman izinin jami'an tsaro, kula da rumbun kaya, sayayya da rasit, tafinta, da rubuta rahoto kafin a kwanta. Wasu sun yi wa 'yan jaridar ƙasashen waje jagora, sun san abin da mai kyamara ke bukata tun bai buɗe baki ba. Yanzu da tallafin ƙungiyoyin ke ja da baya, an kuma rufe sansanonin cikin gari, shi kansa Bakassi tun ƙarshen 2021, da yawansu na neman abin yi. Wanda ya iya kai motoci biyar Monguno ya dawo da su a kan lokaci, takardunsa cif, bai rasa komai na wannan sana'a ba sai yaren fim da sanin yadda ake karanta labari. Horon 'yan makonni zai ba shi wannan. Mata kuwa suna da wata dama ta daban, domin su ke iya shiga cikin gida su yi magana da uwargida, kuma iyaye sun fi sakin jiki su bar 'yarsu ta fito a fim idan mace ce ta zo neman izini, ta kuma ce ita za ta dawo da ita.

Hali ma na cikin kayan aiki. Kodineta na jin ƙorafin kowa: jarumi ɗakinsa babu sanyi, mai fitila ba a biya shi na jiya ba, mai gida ya ce an taka masa shuka, darakta na son ƙarin awa ɗaya da babu ita. Dole ya iya cewa a'a ba tare da ya yi abokin gaba ba, ya iya kai wa furodusa mummunan labari da wuri, tun ana iya gyarawa. Wani abin kuma ya fi ƙarfin kowane jadawali. Kasuwar Monde ta ƙone a Fabrairun 2023. A ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da kewayen fadar Shehu da wasu unguwanni da dama. Duk mai shirin da ya fara ɗauka a waɗannan wurare ya tashi ya tarar lokeshan ɗinsa ya sauya kama ko babu shi. A irin wannan rana jerin sunaye da lambobin da ke hannun kodineta ya tashi daga kayan fim, ya zama hanyar sanin wa aka ji daga gare shi, wa ba a ji ba.

Ranar da darakta ya ce an kammala, kowa ya yi hoto ya kama hanyar gida, shi nasa aikin da saura. Zai ƙirga kayan haya ya mayar, fitila da waya da ƙafar kyamara, kowanne a duba shi gaban mai shi. Zai tabbatar hotunan da aka ɗauka suna kan ma'ajiya biyu, kuma ba mota ɗaya za su shiga zuwa wurin edita ba. Zai koma gidan da aka yi wushe-wushe a share, a gyara ƙyauren da aka ɓalla, a biya mai gida cikon kuɗinsa, a leƙa wurin Bulama a yi godiya. Zai bi 'yan cika fage da mai abinci da masu keke ya sallami kowa, ya tattara takardun amincewa da yarjejeniyoyi a fayil ɗaya domin ranar da tasha ko hukuma za ta nema, ya rubuta sunayen da za su fito a ƙarshen fim ya bi kowa ya tabbatar da yadda ake rubuta nasa. Sannan ya zauna da buhun rasit ya haɗa lissafin da zai miƙa wa furodusa, wanda yakan ci mako guda ko biyu.